Blade Runner: Wanda Ya Ce Bugun 1982 Ne Na Asali, Ya Zo Mu Zauna

Na san tun daga kan take wasu sun fara tsaki, suna cewa ina ruwan zauren marubuta da wani tsohon fim ɗin Turawa da ya girmi yawancinmu. Ku ba ni aron hankalinku, za ku ga inda ya shafe mu. Sannan ina gargaɗi tun yanzu: zan fasa ƙwai, har ƙarshen labarin zan faɗa. Wanda bai kalla ba kuma ba ya son a ɓata masa, ya je ya kalla ya dawo, rubutun yana nan.

A shekararmu ta ƙarshe a poli, ni da wani abokina mun kusa ɓatawa a kan yadda wannan fim ya ƙare. Ni na ce ƙofar lifta ce ta rufe a kan jarumin da yarinyar, allo ya yi baƙi, shi ke nan. Shi kuma ya dage cewa a mota suka ƙare, rana ta fito tar, suna gudu a tsakanin tsaunuka da bishiyoyi kore shar. Na ce masa bai kalla ba, labari aka ba shi. Ya ce ni ne barci ya kwashe kafin a gama. Sai da muka jera wayoyinmu a kan katifa muka janyo ƙarshen kowanne, sannan muka gane babu wanda ya yi ƙarya a cikinmu. Shi a wani shagon turi aka zuba masa, ni a wani, suna ɗaya ne a jikin fayil ɗin, amma fim ɗin ba ɗaya ba ne.

Da a nan maganar ta tsaya da ban rubuta komai ba. Abin da ya dame ni shi ne hukuncin da ya yanke nan take, wanda har yau yake kai: wai nasa ne na asali, tunda shi aka fara haskawa a silima a 1982, nawa kuwa gyare-gyaren baya ne. Na sha jin wannan magana a bakin wasu, kuma ita nake son mu yi ta yau. Matsayata ba ɓoyayyiya ba ce. Wanda zai kalli Blade Runner a gida, ya nemi bugun 2007 mai suna The Final Cut. Shi kuwa bugun 1982 da ake wa kirari da asali, shi ne wanda aka fi yi wa katsalandan a cikinsu gaba ɗaya.

Ga wanda bai san fim ɗin ba, Ridley Scott ne ya ba da umarni, an ɗauko labarin daga littafin Philip K. Dick na 1968, Do Androids Dream of Electric Sheep?, Hampton Fancher da David Peoples suka rubuta shi don fim. Labarin yana faruwa a birnin Los Angeles a watan Nuwamba na 2019, wanda a lokacin shekara ce mai nisa a gaba. Gari ne da ba ka ganin rana, kullum ruwan sama da hayaƙi, dabbobi na gaske sun kusa ƙarewa, masu hali suna ƙaura zuwa wasu duniyoyi. Wani kamfani yana ƙera mutane, ƙirarru masu jini da tsoka, don su yi bauta a can sama, kuma an yanke musu shekara huɗu kacal a duniya. Wasu daga cikinsu suka gudo ƙasa ƙarƙashin jagorancin Roy Batty, wanda Rutger Hauer ya fito a matsayinsa, suna neman wanda ya ƙera su ya ƙara musu kwana. Aka tilasta wa wani tsohon ɗan sanda, Rick Deckard, wato Harrison Ford, ya bi su ya kashe. Garin haka ya faɗa son Rachael, wadda ita ma ƙirarriya ce amma ba ta sani ba, don an dasa mata tunanin yarintar wata a kanta.

To, ta yaya fim ɗaya ya zama da yawa? Masu lissafi sukan ƙirga har bakwai. A watan Maris na 1982 aka haska kwafin gwaji ga 'yan kallo a biranen Denver da Dallas, aka raba musu takardu su faɗi ra'ayinsu. Da yawa suka ce ba su gane ba, wasu suka ce ya yi duhu da baƙin ciki. A lokacin kuɗin aikin ya riga ya zarce abin da aka tsara, kuma a bisa yarjejeniya, waɗanda suka tsaya wa fim ɗin lamunin kammalawa sun samu iko a kansa. Hankalinsu ya tashi. Sai aka yi abu biyu. Aka dawo da Harrison Ford ya karanta bayani da za a ɗora a kan hotuna daga farko har ƙarshe, yana faɗa mana abin da ke faruwa. Aka kuma liƙa sabon ƙarshe mai daɗi, wancan na mota da tsaunuka. Wani abin dariya, hotunan tsaunukan da aka ɗauka daga sama ba ma na wannan fim ba ne, ragowar da Stanley Kubrick bai yi amfani da su ba ne a fim ɗinsa The Shining na 1980. Haka aka sake shi ranar 25 ga Yuni, 1982, mako biyu bayan fitowar E.T. wanda ya mamaye kasuwa a wannan bazarar. Duk da kwalliyar da aka yi masa, bai kawo kuɗin da ake tsammani ba. Shi kuwa Dick bai ma ga fitowarsa ba, ya rasu a farkon watan Maris na wannan shekarar.

Yanzu ku gaya mini, don girman gaskiya: idan ka kai wa mai ɗab'i littafinka, ya ba wasu mutum ɗari a kasuwa suka duba, ya dawo ya sa wani ya rubuta maka sabon babin ƙarshe, ya aro shafi biyu daga littafin wani ya manna, sannan ya buga, wannan ne za ka kira na asali don kawai shi ya fara shiga kanti? Riga fita kasuwa ba ita ke mayar da abu asali ba. Kwafin da aka nuna a Denver ya riga shi wanzuwa, kuma babu tsaunuka a cikinsa.

Ko a 1982 ɗin ma ba guda ɗaya ba ne. Akwai wanda aka haska a Amurka, akwai wanda aka tura ƙasashen waje mai ƙarin 'yan daƙiƙu na zubar da jini. Wannan na biyun shi ne ya fi yawo a kaset ɗin bidiyo da manyan faifan Laserdisc, kuma ta nan ne fim ɗin da ya faɗi a silima ya tara 'yan gani-kashe-ninsa a hankali, gida-gida. Akwai kuma wanda tashar CBS ta tsaftace ta nuna a talabijin a 1986. Saboda haka mai cewa shi na asali yake so, sai mu tambaye shi, wanne daga ciki?

Bari in tsaya a kan muryar nan, don a nan ciwon yake. Akwai fitowar da duk wanda ya kalli fim ɗin ba ya mantawa. A saman wani tsohon bene, cikin ruwan sama, Deckard yana reto a jikin ƙarfe, yatsunsa biyu a karye, saura ƙiris ya faɗo. Batty, wanda Deckard ya kashe masa abokan tafiya mata biyu, yana tsaye a kansa, wa'adinsa na shekara huɗu yana cika, hannunsa yana sandarewa har sai da ya soka ƙusa a tafinsa don ya ci gaba da motsi. Babu abin da zai hana shi barin maƙiyinsa ya faɗi. Sai ya miƙa hannu ya fizgo shi. Ya zauna, da farar kurciya a hannu, ya yi 'yar gajeriyar magana a kan abubuwan da idonsa ya gani a sararin samaniya da za su shuɗe tare da shi, ya sunkuyar da kai, kurciyar ta tashi. Hauer da kansa ya rage tsawon jawabin da aka rubuta masa, ya ga ya yi yawa ga mai mutuwa. Kyamara ta tsaya a kan fuskar Ford, ruwa yana zuba, bai ce komai ba.

A bugun 2007 a nan ake barin ka. Kai da fuskar, da ruwan, da kiɗan Vangelis. Kai za ka tambayi kanka dalilin da ya sa ya cece shi. A bugun 1982 kuwa, tun kafin tsigar jikinka ta kwanta sai murya ta faɗo, cikin kasala kamar mai karanta sanarwar ɓacewar akuya, tana yi maka hasashen cewa wataƙila a lokacin ƙarshe Batty ya ƙaunaci rai ne, kowane irin rai. To, mu makafi ne? Abin da muka gani da idonmu yanzun nan shi ake zuwa a tauna mana a zuba mana a baki. Ɗan wasa ya yanke kalmominsa don shiru ya yi aiki, wasu suka zo daga baya suka cika shirun da surutu.

Ba nan kaɗai ba. Tun daga farko muryar ke bin ka. Ta gaya maka Deckard tsohon makashi ne. Ta gaya maka irin laƙabin da tsohuwar matarsa take kiran sa da shi saboda sanyin zuciyarsa. Ta gaya maka yaren da Gaff yake yi gauraye ne na harsuna da yawa, abin da kunnenka ya riga ya ji. Ta gaya maka shugaban 'yan sandan mai wariya ne, bayan ka ji kalmar da ya furta. An daɗe ana raɗe-raɗin cewa da gangan Ford ya karanta abin ba daɗi don a fasa amfani da shi. Shi dai ya musanta, ya ce ya yi iya ƙoƙarinsa, rubutun ne ba shi da kyau. Na yarda da shi, don ba muryarsa ce matsalar ba. Ko wane gwani aka kawo, bayanin abin da aka riga aka nuna ba ya zama gwaninta.

A nan ne nake cewa abin ya shafe mu. Wannan cuta muna da ita, ni ma ina da ita. Sau nawa muka rubuta cewa hawaye suka zubo mata, alamar maganar ta taɓa zuciyarta? Ko ya yi murmushi, wanda ke nuna yana cikin farin ciki? Rabin jimlar labari ne, rabin kuma muryar 1982 ce. Muna tsoron mai karatu ba zai gane ba, sai mu riƙe masa hannu har bakin ƙofa. Wataƙila kunnenmu ne ya saba, mu da muka taso da finafinan fassara inda mai fassara kan ƙara nasa gishirin ya yi mana jagora a kan abin da muke kallo. Wancan nishaɗi ne mai zaman kansa, ba na raina shi. Amma ba da shi ake gina labarin da zai kwana a zuciyar mutum ba.

Sai ƙarshen. An shafe kusan awa biyu ana nuna mana duniyar da ta lalace, har macijin gaske ya fi ƙarfin talaka sai na ƙira, ana ta shela daga sama cewa a ƙaura zuwa wasu duniyoyi a samu sabuwar rayuwa. Kwatsam, a minti na ƙarshe, sai ga daji kore da iska mai daɗi a bayan gari. To me ya zaunar da miliyoyin mutane cikin hayaƙi, in dai tafiyar mota ce tsakaninsu da wannan ni'ima? Bai tsaya nan ba, muryar ta ƙara da cewa ai Rachael ta musamman ce, ita ba a yanke mata wa'adi ba. Wato duk tambayar da fim ɗin ya ɗora a kanmu, ta yadda za ka so wanda ka san kwanansa ƙirgagge ne, an share ta da jimla ɗaya don kada ɗan kallo ya fita da nauyi a ƙirji. Wanda ya taɓa sakin labari shafi-shafi a WhatsApp ko Wattpad ya san Denver da Dallas ko bai taɓa taka Amurka ba. Su ne masu cika maka akwati da roƙon kada ka kashe musu wane, a daure a haɗa su aure. Kuma mun san littattafai nawa ne suka taho da ƙarfinsu har babi na kusa da ƙarshe, sannan marubucin ya ji tsoro ya aro tsaunuka.

Ba zan yi kamar masu kare bugun 1982 ba su da hujja ko ɗaya ba. Suna cewa fim ɗin ya ɗauko salon finafinan 'yan sandan ciki na Amurka na shekarun 1940, inda jarumi kan ba da labarinsa da bakinsa, saboda haka muryar gado ce ba kutse ba. Suna ƙarawa da cewa tun a rubuce-rubucen farko na fim ɗin akwai tunanin sa murya. Duk gaskiya ne. Amma a waɗancan finafinan muryar tana ɗauke da abin da hoto ba zai iya ba: nadamar mutumin da ya riga ya san ƙarshen labarinsa, ko ƙaryar da yake yi wa kansa. An gina fim ɗin a kanta tun daga tushe. Wannan kuwa faci ce da aka ɗinka bayan an gama riga, don tsoron asara. Hujjarsu ta gaskiya, wadda ba sa son faɗa, ita ce shi suka fara gani. Wannan ba laifi ba ne, kowa yana son tuwon gidansu. Sai dai a kira shi sabo, kada a kira shi asali.

Yadda gaskiya ta fito ma kamar da wasa ne. A 1990 wani gidan silima a Los Angeles ya haska kwafin fim ɗin, sai ya zamana tsohon kwafin gwajin nan ne. Jama'a suka ga Blade Runner da ba tsaunuka, kuma murya sau ɗaya tak ta fito. Aka sake haska shi a 1991 a Los Angeles da San Francisco, mutane suka yi ta tururuwa. Kamfanin Warner Bros. ya ga akwai kasuwa, aka yi sauri aka haɗa wanda aka saki a 1992 da sunan Director's Cut. A nan nake son masu saurin yarda da suna su yi hattara. Sunan yana nufin bugun darakta, amma Scott yana can da wasu ayyukan, bayanai ya bayar wani ya haɗa cikin ƙurarren lokaci, kuma shi kansa ya ce bai gamsu ba. An cire murya, an cire ƙarshe mai daɗi, an ƙara mafarkin doki mai ƙaho ɗaya, amma kurakuran aiki suna nan yadda suke. Shi ne ya fito a faifan DVD a 1997, cikin finafinan farko-farko da aka fitar a wannan tsari, da hoto mai rauni. Wanda ya ci karo da wannan faifan a gwanjo ya wuce kawai.

Sai a 2007, fim ɗin yana cika shekara 25, Scott ya samu cikakken iko ya zauna ya gama aikinsa, tare da Charles de Lauzirika wanda ya jagoranci gyaran. Abin da ya burge ni shi ne irin gyaran. A fitowar da Zhora take gudu tana fasa gilasai bayan an harbe ta, a tsofaffin bugun kowa yana ganin ba Joanna Cassidy ba ce, wata ce mai tsaya mata da gashin kanti da bai zauna ba. Aka dawo da Cassidy bayan shekaru 25, aka ɗauki fuskarta aka ɗora. A wurin mai sayar da macizai, bakin Ford bai dace da abin da ake ji ba, sai aka kira ɗansa Ben aka ɗauki leɓensa aka daidaita. An goge wayoyin da ake gani suna ɗaga motocin da ke tashi sama. An gyara lissafi: a da shugaban 'yan sanda yana cewa shida suka gudo, ɗaya ya mutu, amma huɗu kawai muke gani ana farauta, saboda an yanke rawar ta biyar ɗin kafin a ɗauka. Yanzu biyu yake cewa sun mutu. Kurciyar Batty kuma, da a da take tashi cikin shuɗin sama na rana tsaka bayan an nuna mana dare da ruwa, yanzu cikin duhu take tashi. Wannan shi ake kira gyara kayanka. Babu sabon jarumi, babu sabuwar fitowa da ta juya halin kowa.

Na san abin da ke tsorata wasu, kuma tsoron yana da tushe. George Lucas ya koma kan Star Wars na 1977 a 1997, ya cusa halittun kwamfuta, ya canza fitowar da Han Solo ya harbe Greedo ta yadda Greedo ne zai fara harbi, don kada jaruminsa ya zama mai kisa da sanyin jini. Ya sake taɓa shi a 2004, ya sake a 2011. Mafi muni, ya ƙi fitar da tsohon a gyare. Da aka matsa, a 2006 aka saka shi a matsayin gyara a faifai na biyu, daga tsohon kwafin Laserdisc. Steven Spielberg ma a 2002 ya mayar da bindigogin jami'ai a E.T. suka zama rediyon oba-oba, daga baya ya ce ya yi nadama. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido. Amma ku duba abin da aka yi da Blade Runner. A watan Disamba na 2007 aka fitar da tarin faifai biyar, a DVD da Blu-ray da HD DVD, har da wanda aka saka a 'yar jaka. A ciki akwai The Final Cut, akwai na Amurka na 1982, akwai na ƙasashen waje, akwai na 1992, akwai kwafin gwajin kansa, ga kuma Dangerous Days, shirin tarihin aikin mai tsawon kusan awa uku da rabi. Scott ya ce ga wanda na tsaya a kai, amma bai ƙone sauran ba. Ga marubuci, wannan tarin ya fi bita goma amfani, domin ba kullum ake samun daftari biyar na aiki ɗaya a jere ka ga abin da aka cire da abin da cirewar ta haifar ba.

Kada kuma a ce na zama maroƙin Scott. Ina da ƙorafi a kansa, kuma ba ƙarami ba ne. Ba maganar launi nake yi ba, da wasu ke cewa ya karkata zuwa kore. Ba kuma kalmar zagin da Batty yake jefa wa maƙerinsa ba, wadda aka mayar da ita uba, don ni ina ganin uban ya fi ciwo. Dokin nan ne mai ƙaho ɗaya. Gaff, ɗan sandan da ke bin Deckard, yana da al'adar naɗe takarda ya yi 'yan siffofi ya ajiye. A ƙarshe Deckard ya tsinci ɗan doki mai ƙaho a ƙofar gidansa. In babu mafarki, ma'anar ita ce Gaff ya zo, ya ga Rachael, ya ƙyale ta. In akwai mafarki, ma'anar ta koma cewa Gaff ya san abin da Deckard yake gani a cikin kansa, kamar yadda Deckard ya san tunanin yarintar da aka dasa wa Rachael, wato shi ma ƙirarre ne. A ganina wannan ya rage wa fitowar saman bene nauyi. Abin da ya sa take girgiza mutum shi ne abin da aka ƙera don bauta ya koya wa ɗan Adam tausayin da ya manta. In dukansu ƙirarru ne, ɗan'uwa ne ya ceci ɗan'uwa. A littafin Dick mutum ne. Ford ya daɗe yana cewa mutum ya taka. Fancher ya fi son a bar tambayar a buɗe. Shi kuwa Scott, a wani shirin talabijin na Ingila a shekarar 2000, ya fito ya ce ƙirarre ne. Ya rufe bakin Ford a cikin fim, ya je ya buɗe nasa a gaban kyamarar 'yan jarida.

Duk da haka ban sauya zaɓi ba. Mafarkin bai kai minti ɗaya ba, hoto ne ba magana, kuma ina da damar in fassara shi yadda na ga dama, in yi watsi da abin da daraktan ya faɗa a waje. Murya kuwa ba ta ba ka wannan damar, tana cikin kunnenka ko kana so ko ba ka so. Kwafin gwajin shi ne ya fi kusa da abin da raina yake so, don ba doki ba tsaunuka, sai dai ba a gama shi ba, har kiɗan ɓangaren ƙarshe na aro ne ba na Vangelis ba. Na nazari ne, ba na kallon farko ba.

Ga mai son saye: in kana da talabijin da na'urar da ke ɗaukar 4K, an fitar da The Final Cut a wannan tsari a watan Satumba na 2017, gab da fitowar Blade Runner 2049 na Denis Villeneuve. In ba ka da su, Blu-ray ya wadatar, kuma ka fifita tarin da ke ɗauke da tsofaffin bugun. Fim ne da Jordan Cronenweth ya ɗauka cikin duhu da hayaƙi da tsinken haske, irin hoton da matsattsen fayil ɗin waya yake mayarwa dabbare-dabbare. Na kalle shi a hakan, na kuma kalle shi a faifai a gidan wani malami mai tara finafinai, sai na ga ashe rabin birnin ban taɓa gani ba. Sannan mu da muke kuka idan aka yi yawo da littattafanmu kyauta a waya, ya kamata mu ji ɗan nauyi, ni ne na farko.

In kuma wani ya riga ya zuba maka kuma ba ka san wanne ne ba, ga yadda za ka gane. Janyo inda aka fara nuna Deckard yana karanta jarida a bakin titi kusa da mai sayar da taliya. In ka ji yana magana bakinsa a rufe, na 1982 ne. In shiru, je inda yake zaune gaban fiyano. In dokin ya bayyana, na 1992 ne ko na 2007. Sai ka tafi saman bene ka bi kurciyar da ido. In ta shiga shuɗin sama, na 1992 ne. In ta shiga duhu, ka koma farko ka kashe fitila.

Abokin nawa kuwa na tura masa wannan rubutu kafin in saka a nan. Amsar da ya ba ni ita ce shi dai yana son ya ga Rachael ta rayu.